Ɓarin Sakainar Malam

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai tayar da ƙwaya daga cikin laka. Ni ban yi karatun boko ba, na allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Jikata Falmata ce take rubutawa, ni ina faɗa. Na ce da ita kada ta gyara mini magana, kuma in ta ga kuka ya zo mini ta ɗaga hannunta ta jira ni, don yana zuwa ba sallama tun da na rasa maigidana.

Ku 'yan ƙungiyar manoma da aka turo ku koyon ajiyar iri, na ji abin da ɗayanku ya faɗa a zaure ran da kuka fara zuwa. Ya ce, "Wannan ma sana'a ce? A zuba shinkafa a tukunya a rufe?" Ban ji haushi ba. Ni ma abin da na faɗa ke nan a raina lokacin da aka kawo ni gidan nan, na tarar da surukata, wadda kowa ke kira Iya, tana ɗaukar ɗakin tukwane kamar ɗakin jarirai.

Gidanmu yana kan tudu, a hanyar da ta tashi daga Haɗejiya ta nufi Kirikasamma. Duk ƙauyen nan babu inda ya kai shi tsayi. Shi ya sa in an gama girbi mutanen fadama suke kawo wa Iya irin shinkafarsu ta ajiye musu har damina ta kawo kai. A gidajensu laima tana tasowa ta ƙasa, ga ɓera, ga gara. Amma ba wannan ne babban dalilin ba. Mutumin da irinsa yake ɗakinsa, in bazara ta yi tsanani yara suna kuka, zai ce bari a ɗebi kaɗan. Gobe ma kaɗan. Ran da ruwa ya sauka sai ya leƙa ya ga gindin tukunya. Don haka suke kawowa wurin da hannunsu ba zai kai ba. Ladanmu kuwa ɗan awo ne da kowa yake ba mu in ya yi girbi.

Aikin farko da Iya ta bar mini shi ne na wani masunci mai 'yar gona a bakin kogi. Ya sauke buhunsa, na jawo tukunya zan juye. Iya tana zaune tana kaɗi, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ciza."

Na ce, "Na'am, Iya?"

"Ɗauki ƙwaya ɗaya ki ciza."

Na ciza. Haƙorina ya nutse a ciki ba ƙara.

Ta ce, "Me kika ji?"

"Ban ji komai ba."

"To wannan da kin rufe ta, kafin watan gobe ta yi gashin fumfuna. Mayar da ita kan tabarma."

Iri busasshe in ka ciza shi sai ya ce ƙas, ya rabu biyu. Wanda bai yi haka ba rana yake nema. Bayan ya bushe sai a sheƙe shi a faifai a fitar da ƙaiƙayi da marasa ciki. A gauraya shi da tokar da aka tankaɗe, ba mai ɗumi ba. A shimfiɗa busasshen ganyen darbejiya a gindin tukunya, a zuba iri, a sake rufe samansa da ganye. Sannan a ɗora murfi a liƙe bakin da laka wadda aka kwaɓa da kashin shanu, don ita ba ta tsagewa in ta bushe. Tukunya ba ta zama a ƙasa, kan duwatsu ake ɗora ta, kuma ba ta jingina da bango. Duk wannan mutum zai koya a kaka ɗaya. Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne sakaina.

In an liƙe tukunya, Iya sai ta ɗauko tsohuwar ƙwarya ta ɓanto yanki kamar tafin hannu. Ta ɗora shi a gwiwa ta karya biyu a gaban mai iri. Ɓari ɗaya ta huda shi da ƙusa mai zafi ta ɗaure a wuyan tukunya da igiyar kaba. Ɗayan ta miƙa wa mai iri. Ran da ya zo karɓa, sai ya kawo nasa a haɗa. Ƙwarya ba ta taɓa karyewa iri ɗaya sau biyu ba. In ɓarin na tukunyar ne, bakinsu zai haɗe har ba ka ganin tsagin. In ba nata ba ne, ko yaya ka juya shi sai haske ya ratsa tsakani.

Akwai ranar da Bulama, mai garinmu, ya aiko ƙanensa ya karɓo masa iri, ba ɓari. Iya ta ba shi ruwa ya sha, ta tambayi lafiyar gida, ta ce ya gaishe da Bulama.

Ya ce, "Iya, irin fa?"

"Wane iri?"

"Na Bulama mana. Ga tukunyar can, ni na ɗauko buhun da kaina."

Ta ce, "Ni ma na san ta. Amma tukunya ba ta san fuska ba. Je ka zo da ɓari."

Ya tafi yana gunaguni, ya dawo da shi kafin la'asar. Bayan ya fita ta ce da ni, ran da na ba mutum iri don na san fuskarsa, gobe zan ba wani don na ji tausayinsa, jibi kuma in ba wani don ina jin tsoronsa. Ta kuma hana ni abu biyu. In an kawo ɓarin da bai dace da kowace tukunya ba, ba a neman wadda ta yi kusa. A ce babu, ko da mutum zai yi fushi. Kuma ba a zuba sabo a kan tsoho. In mai tukunya ya kawo irin bana, sai a juye na bara gaba ɗaya a ba shi ya kai gida a ci, sannan sabon ya shiga. Ɓari ɗaya, tukunya ɗaya, iri ɗaya. Mai iri uku ɓari uku yake riƙewa.

Maigidana, wanda zan kira Malam don ban taɓa kama sunansa ba kuma ba yau zan fara ba, shi ma da ɓarinsa. Gonarsa tana can ƙarshen kwari, inda ruwa ke shanye mutum in kogi ya cika. Ba kowace shinkafa ke rayuwa a wurin ba. Tasa ja ce, mai dogon kara. In ruwa ya tashi ita ma sai ta tashi, tana bin sa, kanta kullum a sama. A cikin kwalekwale yake girbinta. Kowace shekara kafin a fara yanka sai ya bi gonar shi kaɗai yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ita yake warewa iri. Haka ya yi tun yana saurayi, har ta zama daban da ta kowa. Ba ta da suna a lokacin. Mutane cewa suke yi ta Malam.

Bayan Iya ta rasu aikin ya dawo hannuna, wata damina ya shigo ɗakin tukwane da sauri, hadari ya haɗu, ya ce in buɗe masa.

Na ce, "Ina ɓari?"

Ya laluba aljihu, ya laluba ɗayan. Ya ce, "Yana rigar da na cire a bukkar gona. Ke, tukunyar nan a ɗakinki take, ni kuma mijinki ne."

Na ce, "Mijina na gan shi. Mai tukunya ne bai iso ba."

Ya tsaya yana kallona, sai ya fashe da dariya. Ya ce, "Iya ba ta mutu ba, ashe zani ta sake." Ya tafi har gona a cikin yayyafi ya ɗauko. Tun daga ranar ɓarin bai sake barin aljihunsa na ƙirji ba. Dakata, Falmata.

To, mu ci gaba.

Muguwar shekararmu ita ce wadda ruwa ya hau tudu. Tsofaffi sun ce ba su taɓa gani ba. Da safe yana bakin masallaci, da azahar yana lasar dokin ƙofarmu. Maza suka kawo kwalekwale, aka yi ta fitar da tukwane ana kai su makarantar firamare da ke can bakin titi, wajen ƙauye, inda ruwan bai kai ba. Kowa ɗauka yake yi, wanda na sani da wanda ban sani ba. Ta gaba ta koma baya, ta kusurwa ta koma tsakiya. Wasu suka fashe a hanya. Wasu ruwa ya jiƙa igiyarsu ta tsinke, ɓarin ya bi ruwa, suka zama tukwane marasa masu. Waɗannan sai da muka tara jama'a aka buɗe, kowa yana leƙawa yana cewa kamar tawa, kamar ba tawa ba. An yi ɓacin rai, har da waɗanda suka daina gaisawa na wani lokaci. Daga shekarar na daina ɗaurewa da igiya. Cikin lakar murfi nake binne ɓarin, bakinsa a waje.

Amma yawancin tukwanena sun koma hannun masu su. Wadda abin ya karya ita ce Lanti, wata mai ajiya a ƙauyen da ke gaba da mu. Mace ce mai amana, ga kai, ta fi ni kai nesa. Ita ba ta yin sakaina. A jere take ajiye tukwanenta a bin bango, ta san ta farko daga ƙofa ta wane ce, ta biyu ta wane, har ƙarshe, kuma shekara da shekaru ba ta taɓa kuskure ba. Ran da aka kwashe su a kwalekwale jerin ya watse. Ta yi iya ƙoƙarinta ta mayar da su yadda take tunawa. Da damina ta zagayo, mai gonar kwari ya shuka gajeriyar shinkafar tudu, ruwa ya binne ta. Mai gonar tudu ya shuka ta kwari, ta yi tsawo ta kwanta a ƙasa. Babu wanda ya kira ta maciyiya amana, amma babu wanda ya sake kai mata iri. Na je gaishe ta na same ta tana zuba ruwan sha a tukwanen. Allah ya ji ƙanta.

Daga baya zamani ya juya. Ruwan kogi ya daina zuwa yadda muka san shi, wata shekara ya yi kaɗan, wata ya zo ba lokacinsa ba. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Injin ban ruwa ya shigo, da irin kanti mai nuna da wuri, kuma gaskiya yana cika buhu. Masu kawo mini ajiya suka ragu. Malam dai bai bar tasa ba. Abokansa suna tsokanarsa a majalisa, suna cewa shinkafar tsofaffi, wadda sai an yi mata jiran haihuwa. Shi kuwa sai ya ce su bari ruwa ya tuna hanyarsa.

Kakarsa ta ƙarshe shi ya kawo irinsa da kansa, na ciza, na sheƙe, na liƙe. Da bazara ciwo ya kama shi a ƙirji. Muka kai shi asibiti a Haɗejiya, aka yi abin da za a iya, bai dawo ba. Da aka miƙo mini rigarsa na ji abu mai tauri a aljihu. Ɓarin ne, gefensa ya yi santsi saboda shafar hannu. Na ɗaure shi a haɓar zanina. Na yi takaba, na fita, damina ta zo ta wuce. 'Ya'yanmu maza suna birni, babu mai shiga kwari a cikinsu. Tukunyar tana kusurwa, ina share mata ƙura, ina duba lakarta. Ban buɗe ba. Wata daminar ta zo, ita ma ta wuce, da wadda ta biyo ta.

Ana nan Falmata ta gama karatunta na aikin ban ruwa, ta dawo da kwamfuta a jaka. Aikinta lissafin ruwan kogi ne, yaushe zai tashi, ina zai kai. Ƙungiyarku ta roƙe ta ta shigar da duk irin da ya rage a hannun masu ajiya cikin kwamfuta, don a san abin da ake da shi. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin tukwane ta ce, "Tsohuwa, yau za ki shiga makaranta."

Na ce, "In malamar ke ce, ba za a daɗe ba za a tashi."

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce akwai harshen da suke rubuta wa kwamfuta umarni da shi in za su yi lissafi mai yawa, kuma a cikinsa akwai hanyoyin ajiye abu. Ɗaya jeri ce, na ɗaya, na biyu, na uku, kana neman abu da wurin da yake tsaye. Ɗayar kuwa kowane abu da mabuɗinsa. Ka ba ta mabuɗi, ta miƙo maka abin da aka ajiye a ƙarƙashinsa, ba ruwanta da wanda ya riga wani shiga.

Na ce, "Ta farkon nan ita ta raba Lanti da sana'arta."

Ta ce, "Ba laifin jeri ba ne, Kaka. In ina auna tashin ruwa, jeri nake so, don yau tana bin jiya, gobe tana bin yau, kuma lissafi a kansa ya fi sauri. Amma tukwane ba sa bin juna. In na jera su, wani ya zo ya kwashe tasa daga tsakiya, duk na bayanta sai su matso, ta biyar ta zama ta huɗu. Don haka mai mabuɗi za mu yi."

Sai maganar me zai zama mabuɗin. Na ce a sa sunan mutum. Ta ce in matso in gani. Ta rubuta Muhammadu, ta ajiye farar shinkafa a ƙarƙashinsa. Ta sake rubuta Muhammadu, ta ajiye ja. Sannan ta tambayi kwamfutar abin da Muhammadu yake da shi, ta karanta mini: ja.

Na ce, "Ina farar?"

"Ta tafi."

"Ina?"

"Babu ita. Mabuɗi ɗaya abu ɗaya yake riƙewa. In kin ba shi sabo sai ya saki tsohon, ko tari ba zai yi ba. Yanzu ki faɗa mini, Muhammadu nawa ne a ƙauyen nan?"

Na yi dariya, don a gidanmu kaɗai akwai su. Na ce ashe ita ma ba ta zuba sabo a kan tsoho, sai dai mu muna ba mai shi tsohon ya kai gida, ita kuwa zubarwa take yi. Falmata ta ce wannan gaskiya ne, kuma a nan sababbin hannu suke ƙonewa. Ta zauna ta rubuta mata umarni cewa kafin ta karɓi sabon abu, ta fara dubawa ko mabuɗin yana nan, in yana nan ta tsaya ta tambaya. Mabuɗin kuma muka yanke ya zama lamba, kowace tukunya da tata, wadda ba za a sake ba wata ba. Muka aika masu tukwane suka zo da ɓarinsu, tana ƙona lambar da ƙusa mai zafi a jikin ɓari biyun. A ƙarƙashin kowace lamba ta ɗaure ƙunshi guda: sunan mai tukunya, wane iri ne, nauyinsa, kakar da aka zuba shi, da zurfin ruwan da yake jurewa. Ni har yau ban iya karanta lambar ba, haɗa ɓari nake yi. Da aka zo kan tukunyar kusurwa na kwance haɓar zanina na miƙa mata ɓarin. Ta ƙona lambar ta mayar mini.

Wata rana na ce ta tambaye ta lambar da ba mu taɓa bayarwa ba, in ga ko za ta yi ƙarya. Ta tambaya. Jan rubutu ya fito, komai ya tsaya. Ta ce cewa take yi babu wannan mabuɗin. Na ce da Iya tana raye da ta ɗauke ta aiki.

Abin da kwamfutar ta iya wanda ni ban iya ba shi ne ta bi duk mabuɗan a lokaci ɗaya. Falmata ta rubuta mata ta zaga su ɗaya bayan ɗaya, ta duba kakar da aka zuba kowane iri, ta lissafa yawan wanda ake sa ran zai tsiro, ta fito da waɗanda suke cikin haɗari. Suka fito, ba su da yawa. Tana karanta mini tana cewa wannan za ta kira shi a waya, wannan ɗansa yana zuwa kasuwar Kafin Hausa za a gaya masa. Sai ta zo kan ta ƙarshen da ta rage, wadda take sama da duka a haɗari.

Ta ce, "Kaka, akwai tukunyar da ta jima."

Na ce, "Na sani."

"Abin da na ajiye a kwamfutar nan, ko shekara nawa ya yi haka zan same shi. Na cikin tukunya ba haka yake ba."

"Ni za ki gaya wa? Ni nake gaya wa mutane irin da ya tsallake damina biyu ya fara zama na tuwo."

"To a buɗe."

Na ce, "Mai ɓari bai zo ba."

Ta ce a hankali, "Ɓarin yana haɓar zaninki."

Na ce ajiya aka ba ni, na tashi na shiga ɗaki. Ba zan ɓoye muku ba, muddin tukunyar tana liƙe, ji nake kamar akwai wanda zai shigo yana laluben aljihu.

A daminar shekarar ruwa ya tuna hanyarsa, yadda Malam ya faɗa. Ya cika kwari ya shanye duk gajeriyar shinkafar da aka dasa a can. Cikin waɗanda suka rasa komai akwai Sale, ɗan aminin Malam, magidanci mai iyali da yawa, wanda gonarsa take jikin tamu. Bayan ruwa ya janye ya yi sallama ya zauna a bakin tabarma, ya gaishe ni, ya daɗe yana murza hularsa.

Ya ce, "Inna, ban zo da ɓari ba. Na san doka."

Na ce, "To me ya kawo ka?"

"Gonata ba ta da tudu ko taki ɗaya, kuma ba ni da wata. In na sake dasa na kanti, ruwa zan ciyar. Na je Kafin Hausa, na je Miga, na tambayi duk mai sayar da iri. Masu shekaru sun tuna ta, amma babu mai ita. Ina yaro na ga Baba da Malam suna yankanta a kwalekwale." Ya sunkuyar da kai. "Ba cewa na yi a ba ni ba. Na zo ne in tambaya ko akwai wanda yake riƙe da ɓarin."

Na yi kukana har ya ishe ni. Shi da Falmata suka zauna suna jira. Sannan na kwance haɓar zanina, na shiga na durƙusa gaban tukunyar, na haɗa ɓari da ɓari a gabansu, don aiki ba a yin sa a ɓoye. Suka haɗe, ba tsagi. Na fasa lakar. Ƙanshin toka da darbejiya ya taso. A sama akwai 'yan zangarniyoyi da ya ɗaure da kaba, haka yake yi kowace shekara don a ga kamanninta.

Ƙwaro bai taɓa ta ba, laima ba ta shiga ba. Amma kyan ido ba ya nuna rai. Na ɗebi cikin tafi na zuba a jiƙaƙƙen tsumma, na naɗe, na sa a gindin randa inda yake da sanyi. Haka ake gwada iri, ku riƙe wannan. Sale yana zuwa kullum da safe, ba ya tambaya, gaisuwa kawai yake yi ya kalli wajen randar. Buɗewar farko babu komai. Ta biyu babu komai, har wasu sun fara baƙi. Na ce a raina na kashe ta da hannuna, ni da aka ba amanarta. A buɗewa ta uku Falmata ce ta fara gani. Ta ce, "Kaka, kawo idonki nan." Wasu 'yan fararen baki ne suka leƙo, sirara kamar zare. Kaɗan ne ƙwarai, kusan yadda lissafinta ya faɗa. Ta ce da an ƙara shekara ɗaya da wuya a samu ko ɗaya.

Na ce da Sale wannan ba ta yafawa ba ce. Ya yi mata reno a ɗan fili kusa da gida, ya kare ta daga awaki da tsuntsu, wadda ta tsiro ya dasa ta ɗaya ɗaya. Haka ya yi. Da ruwa ya zo ta bi shi. Bai ci ko ƙwaya ba a shekarar, duk abin da ya samu iri ya mayar, iyalinsa suka rayu da kamun kifi da aikin gonar wasu. Da kaka ya shigo da ɗan buhu a kafaɗa. Na ciza, ta ce ƙas.

Na wanke tukunyar Malam na shanya, na zuba irin Sale a ciki, na liƙe. Falmata ta buɗe kwamfuta ta ce, "Kaka, hanya biyu ce. Ko in bar lambar Kaka Malam in sauya abin da ke ƙarƙashinta, ko in cire ta gaba ɗaya in buɗe sabuwa. Ke za ki faɗa."

Na so in ce ta bari. Amma sabon mai tukunya sabuwar sakaina ake karya masa, haka Iya ta koya mini. Na ɓanto ƙwarya na karya a gwiwata, na miƙa wa Sale nasa. Na ce da ita, "Cire."

Ta danna. Na ce ta tambayi tsohuwar lambar. Jan rubutun nan ya fito. Ba sai ta karanta mini ba.

Da na share fuskata na ce to ta tambayi ta Sale, in ji ko ta shiga daidai. Ta karanta sunansa, ta karanta nauyi, da kakar bana, da zurfin ruwa. Da ta zo kan wane iri ne sai ta kalli Sale. Ya ce mutanen kwari sun riga sun raɗa mata suna, masu neman a sam musu baɗi da shi suke kiranta, shi ya faɗa aka rubuta. Falmata ta karanta shi a fili. Sunan nan ne da bakina bai taɓa kamawa ba. Kada ki rubuta shi a nan, Falmata, yana can inda ya kamata.

Tsofaffin ɓari biyun suna haɓar zanina, na ɗaure su tare, ba su buɗe komai yanzu. Ku kuma ku tashi, ga buhunan da aka kawo jiya can a zaure. Wanda ya ce a zuba a rufe, shi zai fara cizawa.